Ruwa a Ƙarƙashin Kujera: Yadda Aka Canja Robobin Rumfar Wata Tsohuwar 504 a Yamai

Motar Peugeot 504 ce, amma ba mai ƙofa huɗun nan da kowa ya sani ba, wadda ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Yamai da Doso da Ƙonni. Wannan ƙofarta biyu, rufinta na yadi ne, ana naɗe shi baya a bar sama a buɗe. An fara nuna irinta a bajekolin motoci na Jeniba a watan Maris na 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, shi ne kuma ke ƙera shi, har aka daina yin ta a 1983. Duka-duka waɗanda aka ƙera dubu takwas ne da ƴan kai, alhali 504 gaba ɗayanta ta haura miliyan uku. Wadda ake magana a kanta ƙirar 1979 ce, inji mai lita biyu. Mai ita ɗan kasuwa ne, ɗan asalin Tawa, yana zaune a unguwar Yantala, a Yamai. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa, shi kuma mahaifin ya saye ta hannun wani Bafaranshe da ya gama aiki zai koma gida.

Inji lafiya lau, birki lafiya lau. Kukan Alhaji, mai motar, na rumfa ne, wato rufin yadin nan. In aka yi ruwa a watan Agusta, washegari sai a tarar da kafet ɗin ɓangaren fasinja ya jiƙe sharkaf, motar ta ɗauki warin ruma na mako guda. In hunturu ya shigo, a rufe ta ruf da dare, da safe a iya rubuta suna da yatsa a kan kujera. A kan hanyar filin jirgi kuwa, da ta ɗan ɗauki gudu sai fito ya tashi daidai kunnen direba, har sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Ni na haɗa shi da wani dattijo mai aikin kujerun mota da rumfuna a unguwar Bukoki, shi ya sa na samu bin aikin tun daga farko.

Gyaran da aka fara yi

Kafin a kai ga dattijon an riga an taɓa motar, kuma dalilin da ya sa aka yi abin da aka yi ba na wauta ba ne. Alhaji ya ce a ransa: 504 ce fa, motar da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975 har kusan shekara talatin, ina za a rasa robarta? Ya aiki yaro kasuwar Katako, yaro ya dawo da robar ƙofa ta 504 mai ƙofa huɗu, sabuwa, baƙa wuluk.

Matsalar ita ce suna kawai suka haɗa da inji da kayan ƙasa. Mai rumfar an rage mata tsawo tsakanin ƙafafun gaba da na baya da santimita 19, kuma babu ko falle ɗaya na jikinta da ya yi daidai da na ƴar'uwarta. Abin da ya fi shafar wannan aiki shi ne ƙofa. A mota mai rufin ƙarfe, gilashin ƙofa yana hawa ne cikin firam ɗinsa, firam ɗin ne ke dannan roba idan an rufe. A mai rumfa babu wannan firam a sama. Bakin gilashin kansa ne ke zuwa ya kwanta jikin robar da ke maƙale a sandunan rumfa. Robar da aka yi don ƙarfe ya matse ta tana da tauri, gilashi ba shi da ƙarfin da zai lanƙwasa ta. Sai ta riƙa tura shi waje, tazarar da ake son toshewa ta ƙara buɗewa.

Wanda ya yi aikin ya yanka robar gunduwa-gunduwa, ya manna ta da farin silikon ɗin magina, irin wanda ake toshe bakin taga da shi, mai warin tsami. Warin nan na asid ne da yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma idan ya samu ƙarfen da fenti ya bare sai ya taimaki tsatsa. Ruwa ɗaya aikin ya riƙe.

Akwai kuma wata ɓarna da ta girmi wannan, wadda aka daɗe ana yi da kyakkyawar niyya. Yaron da ke wanke motar, duk ranar wanki sai ya dangwali baƙin mai da tsumma ya bi robobin da shi don su yi ƙyalli, wani lokacin basilin. Roba irin ta ƙofofin mota, ko ta itacen roba ce ko ta haɗi da ake kira EPDM da masana'antu suka koma wa tun shekarun 1960, ba ta shiri da duk abin da aka tato daga man fetur. Tana shan sa, ta kumbura, ta yi laushi kamar ta warke, daga baya ta saki jiki ta fara manne wa hannu. Ga ƙura ta samu wurin zama, duk hawa da saukar gilashi tana gurzar robar. Wasu masu wanki man birki suke shafawa. Shi bai cika cutar da EPDM ba, amma ɗigo ɗaya ya sauka a fenti ya ci shi.

Binciken dattijo

Alhaji ya zo da niyyar a auna a gaya masa kuɗin roba. Dattijon ya zagaya motar, ya danna robar gaba da farce, ta ƙi lotsawa, wani ɓangare ma ya ɓalle ya faɗo.

"Alhaji, robar nan ta mutu, wannan ba gardama. Amma ban yarda ita kaɗai ke jiƙa maka mota ba. Ka bar mini ita zuwa gobe."

"Baba, ai da idona na ga ruwa na ɗiga ta sama."

"Ka ga na sama. Na ƙasa fa?"

Gwajin farko da takardar jika, wato sefa dubu, aka yi shi. A sa ta tsakanin gilashi da roba, a rufe ƙofa, a ja. In ta riƙe, wurin na matsewa. In ta zame ba wahala, akwai kafa. Haka aka bi bakin gilashin taki-taki, da kuma gaban rumfa inda take sauka kan firam ɗin gilashin gaba. A ɓangaren direba, daga tsakiyar gilashi zuwa baya takardar faɗuwa take da kanta. Sai aka goga alli a jikin robar aka rufe aka buɗe, inda allin bai hau gilashi ba nan ne ba sa haɗuwa. Gwajin biyu suka ba da amsa ɗaya.

Na ruwan ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma shi ne na ga yawancin mutane ba sa haƙurin yi daidai. An cire kafet, yaron shago ya shiga ciki da tocila aka rufe shi. Ba a kunna injin wanki mai feshi da ƙarfi ba, don wannan ko sabuwar mota mai rumfa aka auna wa shi sai ta zubar. Tiyo aka sa ruwa na gangarowa a hankali, kuma daga ƙasa aka fara ana hawa: gindin ƙofa, sannan gindin gilashin gaba, sannan bakin tagogi, rumfa ce ta ƙarshe. Hikimar a fili take. In ka fara daga sama, ruwan zai bi ko'ina ya sauko, ba za ka san ta inda ya shiga ba.

Ba a kai ga rumfa ba yaro ya buga gilashi. Ruwa na kwarara ta ƙarƙashin dashbod, ɓangaren fasinja, daidai inda kafet ke jiƙewa. A gindin gilashin gaba akwai wani akwati da iska ke bi ta shiga mota, yana da ƙananan magudanai da ke fitar da ruwan sama ƙasa. Motar ta yi shekaru tana kwana ƙarƙashin dogon yaro. Ganye da ƴaƴansa da jar ƙasa sun cakuɗe sun toshe magudanan, ruwa ya taru ya tumbatsa ya bi hanyar iska ya shigo. Ashe mafi yawan ruwan da ke ƙasan kujera bai taɓa ganin rumfa ba. Da waya da ruwan buta aka buɗe su, ko dala ba a kashe ba. Ƙofofin ma haka: ramukan da ke gindinsu sun toshe da laka, in an girgiza ƙofa ana jin ruwa na motsi a ciki.

Da aka hau sama aka samu sauran. Robar gaba ta ƙeƙashe, ta baje, ta ɗauki siffar ƙarfen da ya yi shekaru yana danne ta, ba ta dawowa. Duk jikinta ƙananan tsage-tsage ne, aikin rana da iska. Wanda ya taɓa dafa baƙar rumfa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, ya san abin da robar da ke ƙarƙashinta ke sha. Kwarin ƙarfen da robar gefen hagu ke zama a ciki ya ci tsatsa har ya huje a wuri biyu, a ƙarƙashin silikon ɗin nan. Gilashin direba ba ya kaiwa ƙarshen hawansa, kuma samansa ya karkata waje. Yadin rumfar kansa ya tsuke, yana jan sandar gaba baya, shi ya sa sai mutum biyu sun taru kafin ƙugiyoyin gaba su kama.

Dattijon ya faɗa wa Alhaji gaskiya tun a nan: roba za ta gyara ƙura da fito da yawancin ɗigon sama, amma yadin ya kusa gama aikinsa, kada ya zo gobe ya ce an cuce shi.

Neman roba

Nan aka yi lissafin da a ganina shi ne ya ceci aljihun Alhaji. Robobin motar ba iri ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙu, waɗanda siffarsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar ta bakin but da ta gindin ƙofa. Waɗannan ana sayar da irinsu da mita, in aka dace da mai kauri da siffa daidai ta wadatar. Akwai kuma waɗanda aka zuba a ma'auni, masu kusurwa da leɓe da kauri mai canjawa: ta gaban rumfa, da na gefe biyu da gilashi ke kwanciya a kai, da na ginshiƙan gilashin gaba. Waɗannan ba a ƙirƙirarsu da reza. Kusurwar da robar gaba ke haɗuwa da ta gefe tana da ɗan kwari da ke karɓar ruwa ya gangarar da shi ta ginshiƙi zuwa ƙasa, in babu shi ruwan a cinyar direba zai sauka.

Dattijon ya yanko ɗan guntu daga kowace tsohuwar roba, daga inda ba ta lalace sosai ba, ya dangwala bakin yankan a tawada ya buga a takarda, siffar ta fito. Da wannan takarda aka shiga kasuwa aka samo miƙaƙƙun. Ya ƙi karɓar wata da aka kawo mai sheƙi, ya ce a lanƙwasa ta a gani: ta yi fari a wurin lanƙwasar, ta daɗe ba ta miƙe ba. Ya ce wannan leda ta fi yawa a cikinta, rani ɗaya za ta yi.

Masu kusurwar kuwa sai Faransa, inda masu sha'awar tsofaffin motoci suka sa ake sake ƙera su. An aika hotuna da lambar jikin mota da shekararta, don a tsawon shekara 14 da aka yi ana ƙera motar an canja wasu abubuwa. Wani mai sayarwa ya yi tayin roba ta asali da ta rage a sito tun zamanin, cikin ledarta, har da tambarin kamfani. Alhaji ya so ta, dattijon ya hana. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, wadda ta shekara arba'in a sito ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce mai tsabta. Aka ɗauki sabuwar ƙira ta EPDM.

Kuɗin ba ya ɓoyuwa, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957: duk yuro 100 kusan jika 65 ne da sefa ɗari shida, kafin a yi maganar kawowa. Kawowar ma ba kamar da ba. A lokacin iyakar Benin na rufe tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, Air France kuma ta daina sauka Yamai. A ƙarshe cikin akwatin wani ɗan'uwan Alhaji suka iso, an naɗe su da faɗi ba a karya su ba. Sun fi kuɗin aikin hannu tsada nesa ba kusa ba. Da suka iso damina ta wuce, aka shiga aikin a watan Nuwamba.

Aikin kansa

Kwana na farko ba a taɓa sabuwar roba ba. An buɗe rumfa rabi, aka tokare ta, aka ɗauki hoton kowace kusurwa da waya kafin a cire komai. An zana layi da fensir a gefen kowane kwarin ƙarfe don a san inda yake zaune, domin ramukan kusoshinsa dogaye ne, ana iya matsar da shi ciki ko waje. Cire tsohuwar roba ba wuya, da kanta take ɓarewa. Kankare tsohon gam da silikon ne ya ci wuni. Da katako da aka fiƙe aka yi, ba da sukudireba ba, don kada a ƙara yagar fenti. Silikon sai an cire shi tas, in ya rage ko kaɗan babu gam ko fentin da zai kama wurin.

Kwarin hagu aka kai wa mai walda ya cike hujojin, aka goge, aka bi dukkansu da burushin waya da sanfefa, aka shafa maganin tsatsa, aka yi fenti, aka bar su suka bushe sosai. Alhaji ya leƙo ya ga mota a tsiraice, robobinsa na rataye a ƙusa, ya ce, "Baba, yaushe za a fara aikin?" Dattijon ya ce, "Wannan shi ne aikin, ɗana. Mannawa ko yaron nan ya iya."

Ba gaskiya ba ne ƙwarai, don bai bar yaron ya manna ba. Sai da aka jera robobin duka a busashe, babu gam, aka rufe rumfa a hankali aka duba yadda kusurwoyi suka haɗu. Na gefe suna shiga kwarinsu ne da turawa, leɓe ɗaya ya fara shiga, a bi ɗayan da abu mara kaifi, da ruwan sabulu don ya zame. Ya hana a sa mai, ya hana a sa feshin silikon, tunda akwai wuraren da gam zai hau.

Abu biyu ya nanata. Na farko, sabuwar roba tana zuwa da wani santsi a jikinta, maganin da ake shafa wa ma'auni don kada ta manne a masana'anta. In ba a goge shi da alkol ba, aka ɗan karce bayan robar da sanfefa, gam zai kama santsin ne ya bar robar, bayan mako biyu ta saki. EPDM dama ba ta son gam. Na biyu, ba a jan roba. Hannu yana son ya ja ta don ta miƙe ta yi kyau, amma duk abin da aka ja sai ya koma, kuma a kusurwa zai koma ya bar kafa. Shi tura ta yake yi tana ɗan taruwa, miƙaƙƙun kuma ya yanka su da rarar kamar santimita ɗaya, ya cusa bakin biyu su tokari juna.

Gam ɗin irin na masu takalma ne, wanda ake shafa wa fuska biyu a jira ya sha iska kafin a haɗa. Mintocin da aka rubuta a jikin gwangwani na ƙasar sanyi ne. A Yamai, ko a Nuwamba, in rana ta ɗaga kafin ka gama shafa wa ƙarshe farko ya bushe. Don haka bayan sallar asuba ake mannawa, a inuwa, taki biyu-biyu, siriri ba lafcewa ba. Yana taɓawa da bayan yatsa, in ya yi danƙo bai biyo yatsan ba, lokaci ya yi. Robar gaba daga tsakiya ya fara, bayan ya sa alama a tsakiyar roba da tsakiyar sanda, ya bi dama ya bi hagu, don kusurwoyin biyu su faɗa daidai. Irin wannan gam in ya kama ya kama, babu gyara zama.

Rufe rumfar kuma akasin haka ne, zafi yake so. Yadin da ya tsuke ba ya miƙewa da sanyin safiya. Sai aka tura motar rana wajen azahar, yadi ya yi laushi, aka ja gaban aka kama ƙugiyoyi ba tare da an yi kokawa ba. An sassauta ƙugiyoyin daga yadda suke, domin a da an ƙara musu ƙarfi ne don su danne mushen roba. Ƙa'idar dattijon ita ce roba ta lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinta. In ta wuce haka an murƙushe ta, shekara biyu ta baje kamar ta da.

Inda aka yi saɓani

Da aka ɗaga gilasai aka zo rufe ƙofa, ƙofa ta ƙi. Sai an buga da ƙarfi, kuma gilashin direba maimakon ya shige ƙarƙashin leɓen roba sai ya hau kansa ya naɗe shi. Ran Alhaji ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba: ya kashe kuɗi, ya jira watanni, ga mota ta fi da wahalar rufewa. Ya ce an aiko da roba mai kauri, a sa reza a rage leɓen.

"Alhaji, in na yanka, ba ta komawa. Gilashi kuwa in na kunce, ina iya mayar da shi. Bari mu fara da wanda ake iya mayarwa."

A nan ina tare da dattijon ɗari bisa ɗari, kuma a nan ne na ga ana yawan lalata irin wannan aiki. Gilashin an daɗe ana daidaita shi da tsohuwar roba da ta shanye, dole ya yi faɗa da sabuwa. An cire murfin ƙofa na ciki. A ciki akwai matokaran da ke tsayar da gilashi in ya kai sama, da kusoshin da ke riƙe hanyar da yake bi, waɗanda in an matsar da gindinsu samansa ke karkata ciki ko waje. Matokari ɗaya ya sassauta ya zame, shi ya sa bayan gilashin ke zama ƙasa. Ana juyi kaɗan, a rufe ƙofa, a gwada da takarda, a sake. Ɓangaren direba ya ci kusan wuni, na fasinja bai kai awa ba. An kuma ɗan matsar da kwarin hagu ciki, kaurin ashana, daga layin fensir. Tunda ƙofa na buɗe, aka canja robar da ke share gilashi a bakin taga, wadda mutuwarta ce ta bar laka ta cika gindin ƙofofin.

Ko bayan haka ƙofofin sun ɗan yi tauri. Aka bar motar a rufe, rumfa a kame, gilasai a sama, kwana biyu ba a buɗe ba, aka kuma roƙi Alhaji kada ya naɗe rumfar har wata guda, kuma in zai rufe ƙofa ya ɗan sauke gilashi tukuna ya ɗaga. Zafin garin ya taimaka, cikin makonni kaɗan robobin suka kwanta, ƙofa ta koma rufuwa da hannu ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Hazon Disamba da Janairu ne ya fara gwada aikin, kuma ya fi ruwa tsanani, don ƙura na shiga inda ɗigo ba ya shiga. Ba ta daina shiga gaba ɗaya ba, mota mai rumfar yadi ba ta taɓa zama tulu mai murfi. Amma ta koma ɗan abin da ake gogewa sau ɗaya a mako, kuma layin jar ƙasar da ke kwanciya a kafaɗar kujerar direba ya ɓace. Fiton ya tafi, saura ƙarar iska da dama da ita aka ƙera motar.

An canja wa mai wanki ƙa'ida. Ruwa da sabulu mara ƙarfi, a goge robobi da ɗanyen tsumma. Lokacin hazo hodar jarirai kawai ake ɗan shafa musu don kada su manne wa gilashi, tunda duk wani abu mai maiƙo ƙura yake tarawa. Gab da damina a shafa man silikon siriri a goge rarar. An kuma raba motar da gindin dogon yaro, aka yi mata rumfar kwano a tsakar gida.

Hadarin farko na watan Yuni, irin mai zuwa da jar guguwa a gaba, ya same ta a waje. Ƙasan kujera ya kwana a bushe. Amma kusurwar gaba ta hagu ta yi ɗigo, kuma ɗinkin da ya ratsa saman rumfar ya yi gumi a wurare. Aka mayar da ita Bukoki. Kusurwar, yadin da ya tsuke ne ke ɗaga ta kaɗan idan ya jiƙe ya yi sanyi, ga mahaɗar sandunan wannan gefe ta ci, tana wasa. Dattijon ya zura siririn soso cikin ramin robar a daidai wurin don ya ƙara mata tsayi, ya sa wa mahaɗar washa. Ɗigon ya ragu, sai in ruwa ya zo da iska daga hagu. Ɗinkin kuwa zaren ne ya ruɓe, ya shafa masa kakin da zai kai shi ƙarshen damina, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan.

Yanzu maganar sabon yadi ake. Alhaji ya kawo shawarar a ɗinka da tamfol ɗin manyan motoci, ga shi da arha, ga shi ruwa ba ya ratsa shi. Dattijon ya ƙi, ya ce tamfol an yi shi ne don a shimfiɗa a ɗaure, in ana naɗe shi a wuri ɗaya kullum zai tsage a kan lanƙwasar, kuma nauyinsa da taurinsa za su hana gaban rumfar sauka daidai kan robar da aka sha wahalar samowa. Ya ce ko a kawo ɗinkakkiya daga inda aka samo robobin, ko a kawo masa yadin rumfa na ainihi mai roba a tsakiya ya fitar da ita da tsohuwar a matsayin ma'auni, ya ƙara abin da ta tsuke. Alhaji ya aika a tambayo masa kuɗin duka biyun, ya ce sai bayan ya ga yadda cinikin albasa ya kasance bana.